Jirgin Bukar Mai Agogo

Da sunan Allah nake fara wannan babi, kuma shi nake roƙo ya riƙe mini hannu kada in karkata wajen wanke kaina. Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin ana cewa a garinmu, can bayan duwatsun Roni, an taɓa yin wani baƙo da ya ɗaure ruwan sama da farin tsuntsu na takarda. Kun ji a bakin tsofaffi, kun ji a dandali, na san ma wasunku sun ba nasu 'ya'yan labarin don su tsorata su. Mutumin sunansa Bukar, sana'arsa gyaran agogo da rediyo, kuma bai ɗaure ruwan kowa ba. Duk cikin masu rai babu wanda ya kai ni sanin haka.

Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, ina koyarwa a firamaren garinmu. Muna zaune a gidan mahaifina, Allah ya jiƙansa, ni da Inna kakarku, da mahaifiyarku Rabi, tana ɗauke da cikin fari. Bukar kuwa bai fi shekara biyu da zuwa garin ba. Babarbare ne, dogo, marar yawan magana, Hausarsa da ɗan nauyi irin na mutanen gabas. Ya kama rumfa a bakin kasuwa, aka ba shi aron ɗaki biyu a gefen gari, shi da matarsa da 'yar jaririyarsu Yagana. Kafin nan ya yi leburanci a filin jirgin sama na Kano, yana shara a wajen gyara, kuma a can ya ga wani Bature injiniya yana ƙera ƙananan jirage ranar hutunsa yana sakinsu a fili. Bukar ya yi ta kallo har hannunsa ya iya. Ni kuma agogona ne ya tsaya na kai masa. Ina tsaye sai na hangi wani abu rataye da zare a rufin rumfar, tsawonsa kamar kamu ɗaya, yana juyawa a hankali shi kaɗai.

"Malam Bukar, wannan fa? Abin wasan yara ne?"

"Yaro ba zai iya ba," in ji shi, ko ɗagowa bai yi daga agogon ba. "Babba ma sai mai haƙuri. In kana son gani, ka same ni a fako gobe da sassafe."

Fakon nan yana arewa da gari, fili ne tas babu bishiya, sai wani dogon dutse da ya kare shi daga gidaje. Na je. Da gwangwala yake yin gangar jikin, yana fere ta har ta zama kamar tsinke, haƙarƙarin fukafukin kuma da totuwar kara, ya lulluɓe da siririyar takarda mai shara-shara, ya manna da ƙaro. Ya yanka robar cikin tayar keke dogaye sirara, ya ɗaura daga wutsiya zuwa farfela. In ya juya farfelar da yatsa sai robar ta murɗe ta yi ƙulle-ƙulle, in ya saki sai ta warware ta ja jirgin. Na ga ya ɗaga hannu ya sake shi kamar mai miƙa wa wani abu. Jirgin ya hau, ya yi da'ira biyu a kanmu yana wani ɗan ƙara kamar na fara, sannan farfelar ta tsaya, ya sauko a hankali ya zauna a ƙasa. Ina da aure, ina da aikin gwamnati, amma wallahi sai da na bi shi da gudu.

Tun daga ranar na zama ɗan koyo. Jirgi huɗu na karya kafin in saki ɗaya ya sauka lafiya, kuma duka huɗun iska ce ta karya mini su, ko in ce rashin saninta. Na farko na jefa shi iska tana bayana, ina ganin ai za ta taimaka ta tura shi. Ko taki biyar bai yi ba ya kifa da hanci. Bukar ya tsince guntayen ya ce jirgi ba jaki ba ne da za a kora daga baya, fuska da fuska yake so ya haɗu da iska, ita ce take shiga ƙarƙashin fukafuki ta ɗaga shi. Na biyu na sake shi iska tana zuwa ta gefe, ta ɗaga fiffike ɗaya ta birkice shi kamar an juya waina. Na uku na tsaya a jikin dutsen, don na ji wurin lif babu iska. Jirgin ya hau lafiya, yana kaiwa daidai kan dutsen sai ya yi wata girgiza, wani abu ya danno shi ƙasa da ƙarfi. Bukar ya ce iska kamar ruwan rafi take, in ta ci karo da dutse ko bishiya ko katanga, a bayansu sai ta yi ta wulwulawa tana tumbuɗi, ido ba ya gani amma takarda tana ji. Na huɗu kuwa, a ƙasa babu komai, amma ashe a sama tana gudu. Ya nuna mini kan wata giginya can nesa, ganyenta yana kaɗawa alhali gefen rigata ko motsi bai yi ba. Kullum kafin ya taɓa farfela sai ya tsinki busasshiyar ciyawa ya ɗaga hannu ya sake ta.

"In ta wuce taki uku kafin ta faɗi, ka koma gida. Ɗan koyo ba ya jayayya da iska. In ta faɗi kusa, ka duba inda ta nufa, ka juya ka ba wurin baya, sannan ka saki. Kada ka wurga. Saki kawai."

Da sassafe muke zuwa, ko da la'asar sakaliya. Ban taɓa tambayarsa me ya sa ba ma zuwa da rana ba, na ɗauka zafi yake gudu.

A cikin watannin nan ne ya ƙera babban. Faɗin fukafukinsa ya kai gaba guda, in ka buɗe hannayenka duka biyu, fari fat, kuma bai fi nauyin ƙwan kaza biyu ba. Ya ɗan karkata wutsiyar don ya riƙa kewayawa hagu. A ƙarƙashin fiffiken dama ya zana gida-gida da tawada, yana rubuta lambobi irin na Larabci a ciki, yawan juyin da ya yi wa roba da nisan da jirgin ya yi a kowane gwaji. Gara ta shiga ɗakinsa, shi ya sa ya kawo shi gidanmu da yamma a lulluɓe da zane, muka rataye a ɗakina mai daɓen siminti. Sau uku kacal ya sake shi a gabana, shi ma rabin murɗi. Kullum na ce mu cika masa roba mu ga iyakarsa, sai ya dubi sama ya ce, "Ba yau ba." Bai taɓa cewa don me ba. Mako uku ina jin "ba yau ba", abin ya fara ci mini rai.

Ku tuna wace shekara ce. Damunar da ta wuce ba ta yi kyau ba, rumbuna sun yi ƙasa, rijiyoyi sun ja. Bazara ta yi tsawo har mutane suka daina zancen komai sai sama. Wasu sun yi binne, irin yana kwance a busasshiyar ƙasa yana jira. Fulanin da ke rugage tsakaninmu da Gwiwa suna sassaƙe rassan bishiya suna ba shanu. An fita roƙon ruwa, maza da mata da yara, aka dawo ba a ga ko gajimare ba. Kwana uku bayan haka, ranar da Bukar ya hau keke ya tafi Kazaure sayen kayan agogo, sai hadari ya haɗo daga gabas. Tun azahar ya fara, baƙi ƙirin, yana hawa kamar ana gina shi. Garin ya yi tsit. Kaji suka shige inuwa suka buɗe baki. Babu ganye ɗaya da ke motsi. Na fito tsakar gida na tsinki ciyawa daga danga na sake ta, ta faɗi a kan babban yatsan ƙafata. Ban taɓa ganin rana marar iska irin wannan ba. Na ce a raina, in dai iska ce abin tsoro, to yau babu ita, kuma kafin hadarin ya iso na je na dawo. Na sauke jirgin na lulluɓe. Rabi tana bakin murhu ta gan ni.

"Malam, ina za ka da kayan mutane a wannan rana?"

"Yanzu zan dawo."

"Mai shi ya sani?"

Na bi ta bayan gida, babu wanda na haɗu da shi, kowa yana ƙofar gidansa ta gabas yana kallon hadari. A fako zafin ƙasa yana ratsa takalmina. Na murɗa robar har ta cika, har na ji gwangwalar tana ƙara. Na sake gwada ciyawa, ta sake faɗowa a ƙafata, sai dai wani ɗan siririn ganye a cikinta bai faɗo ba. Na gan shi ya tsaya daidai fuskata, yana rawa, sannan ya yi sama. Na gani da idona, amma ban san abin da yake gaya mini ba. Na ɗaga jirgin na saki.

Ya hau yadda ban taɓa gani ba. Da'ira ɗaya, biyu, uku, ya wuce tsayin dutsen. Na ji ƙarar farfelar ta ragu, na ga ta tsaya. Daga nan ya kamata ya fara saukowa. Na ma fara takawa wajen da nake zaton zai sauka. Bai sauko ba. Ya ci gaba da kewayawa hagu, shiru, babu inji babu kaɗa fiffike, kuma kowace da'ira tana sama da wadda ta gabace ta, kamar akwai wanda ya ɗora shi a tafin hannu yana ɗagawa. A ƙasa inda nake ko gashin hannuna bai motsa ba. Na ji bakina yana cewa "dawo, dawo" kamar ina kiran akuya. Wasu shirwa biyu suna shawagi a can sama, ya shiga tsakaninsu, suka watse suka bar masa wurin. Rana ta haske shi, ya zama fari ƙal a gaban baƙin hadarin nan, ta yadda duk mai ido a garinmu sai ya gan shi. Na ji hayaniya ta taso daga bayan dutse, na ji wata mata tana salati da ƙarfi. Ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma kamar ƙwayar shinkafa, sannan gajimaren ya haɗiye shi.

Ba a daɗe ba iska ta iso, mai sanyi, mai ƙarfi, ta kwashe rufin rumfuna biyu a kasuwa. Aka yi cida sau ɗaya. Ɗigo ya faɗo mini a goshi, wani a hannu. Shi ke nan. Hadarin ya tsage biyu, rabi ya yi kudu rabi ya yi arewa, rana ta fito a tsakiya. Kafin la'asar sama ta koma fara tas kamar ba a taɓa yin komai ba.

Na dawo gida da zane a hannu babu komai a ciki. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta dubi zanen ta dubi fuskata, ba ta bukaci a gaya mata ba. A waje ana ta magana, wasu na cewa tsuntsu ne, wasu na cewa ba tsuntsun da ke tashi ba ya kaɗa fiffike, wasu sun riga sun ambaci rumfar mai agogo.

"Wa ya gan ka?" in ji Inna.

"Babu kowa."

"To babu kowa ɗin ne. Ka ji ni, Habu? Mutanen nan irinsu yana ƙasa, 'ya'yansu suna kuka. Ba hankali ne a jikinsu yanzu ba."

Rabi ta ce, "Inna, ai za su ce na Malam Bukar ne."

"Da na wane ne? Shi ya ƙera. Shi baƙo ne, in an matsa masa ya ɗaure kayansa ya yi gaba. Mu ina za mu? Kabarin uban mijinki yana nan, gonarsa tana nan. Ke kuma dubi cikinki kafin ki yi magana."

Rabi ta koma bakin murhu. Sai da ta kawo mini tuwo ta durƙusa ta ajiye, ta ce a hankali, "Malam, ka faɗa tun kafin a tambaya. In ka bari aka tambaya, ba za ka iya ba." Ta fi ni sanin kaina.

Bukar ya dawo washegari. Na je rumfarsa na gaya masa jirgin ya ɓata, na gaya masa yadda aka yi. Ya ajiye abin da ke hannunsa. Bai yi faɗa ba. Ya ce kawai, "Allah ya sa kada a tsince shi."

Kwana huɗu bayan haka wani makiyayi, dattijo, daga wata ruga kusa da Gwiwa, ya shigo gari da tabarma a naɗe ya ratayo ta a kan sanda, yana riƙe da ita nesa da jikinsa. Kai tsaye ya wuce ƙofar dagaci. Aka aika a kira Bukar, ni ma aka kira ni don an san ina bin sa fako. Kafin mu isa, ƙofar gidan ta cika. Makiyayin ya ce da safe ya fito ya tarar da shanunsa duka sun taru a kusurwa ɗaya ta garke, sun juya baya, ba mai kuka ba mai tuƙa. A tsakiyar garken abin nan yana zaune a kan ƙafafunsa, hancinsa yana kallon gabas. Ya rantse babu wanda ya taɓa shi da hannu, da sanda ya tura shi cikin tabarma. Aka warware tabarmar. Ni na ga iskar da ta kwashe rufin kwano a ranar, amma takardar nan ko huda ɗaya babu. Wani ya juya shi da tsinken kara, gida-gidan tawada suka bayyana da lambobinsu. Na ji kalmar ta bi cikin taron daga baki zuwa baki: hatimi, hatimi. Limamin garinmu, mutumin kirki, ya sunkuya ya duba ya ce shi dai bai ga sunan Allah ba, bai ga sunan wani ba, lissafi kawai ya gani. Ba a saurare shi ba, domin a daidai lokacin ɗan aiken dagaci ya zungure hancin jirgin da sanda, sai farfelar ta kama juyawa. Ta yi ta juyawa da ƙarar nan tata, jirgin yana karkarwa a kan tabarma kamar zai tashi. Mutane suka watse har ana tattake juna. Ni da na ga robar nan ta ƙare a sama da idona, na kasa gane abin da ke juya farfelar.

Bukar kaɗai bai motsa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, iska ce. In iska ta daɗe tana bugun farfela tana iya murɗe robar ta baya, sai wani abu ya maƙale ta. Yanzu an taɓa ta kuɓuce." Wataƙila haka ne. Na yi shekaru ina ƙoƙarin tuna ta wane gefe farfelar nan ta juya, dama ko hagu, kuma har yau ba zan iya rantsuwa ba.

Da aka sake taruwa, dagaci ya ce, "Bukar, naka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Ni na ƙera."

"Kai ka sake shi ranar hadari?"

Wani daga baya ya ce ai ranar yana Kazaure, tare suka dawo. Maimakon wannan ya wanke shi, sai ya ƙara lalata maganar. Aka ce to ashe abin da kansa yake tashi, mai shi yana wani gari yana aikensa. Dagaci ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya sake tambaya, a hankali, yana duban taron gaba ɗaya.

"In ba shi ba ne, wa ya sake shi? Akwai wanda ya sani?"

Bukar ya dube ni sau ɗaya. Ba kallon roƙo ba ne, ba na zargi ba ne. Kallon mai jiran ya ga inda abu zai faɗi ne. Na hangi Inna can gefe cikin mata, ta ja mayafi ta rufe baki. Maganar tana nan a bakina, kalma biyu ce kawai: ni ne. Na dubi tabarma. Sai na ji muryar Bukar yana cewa, "Ranka ya daɗe, abin da na ƙera, duk inda ya je, ni ne."

Aka ƙona jirgin a wurin. Bai ɗauki lokacin da za a sha ruwa ba ya zama toka. Babu wanda ya daki Bukar, dagaci bai yarda ba. Amma daga ranar babu wanda ya ƙara kai masa agogo, mahauci ya daina ganinsa, matarsa in ta je rijiya sai mata su janye gugansu su tsaya har ta tafi. Mai ɗakin ya ce yana bukatar ɗakinsa. Rabi ce kaɗai take aika musu da abinci a ɓoye, kuma a kwanakin nan ba ta haɗa ido da ni ba. Ranar da za su tashi na tare shi a hanyar mota, bayan gari, yana ɗaure akwatin kayan aikinsa, matarsa tana zaune a kan ƙunshi da Yagana a baya. Na tsaya a gabansa.

"Malam Habu," in ji shi, "ranar nan, da ka gwada ciyawa, a ƙafarka ta faɗi, ko?"

Na ce e.

"Na sani. In rana ta gasa fako, ga hadari a kusa, iska ba gefe take tafiya ba, sama take hawa. A ƙasa ba za ka ji komai ba. Ita ce ta fi kowace iska haɗari, kuma ita kaɗai ce ban koya maka ba. Ina ta ce maka ba yau ba, ban gaya maka dalili ba. Wannan kuskurena ne."

"Malam Bukar, ka yafe mini. Ba wannan ba, ɗayan, na ƙofar dagaci."

Ya ja igiyar akwatin ya ƙulle. "Kana da tsohuwa, kana da mai ciki. Ga mota nan ta taho."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Motar ta yi arewa da su.

Tafiyarsa ba ta kawo ruwa ba. Ruwan da aka samu a damunar nan bai kai gero ga fitar da kai ba, kuma ba garinmu kaɗai ba, har cikin Nijar haka aka yi, shanu suna faɗuwa a hanya. Duk mai hankali ya gane cewa takarda da gwangwala ba su isa su yi wannan ba. Amma babu wanda ya ce a nemo Bukar a ba shi haƙuri, domin sai an fara cewa an yi kuskure, ni kuma da ya kamata in fara ina nan ina koyar da 'ya'yan mutane gaskiya da riƙon amana a aji. Aka ƙara mini girma, aka mai da ni Kazaure, na gina gidan da kuka tashi a ciki. Inna ta rasu tana ganin ta ceci ɗanta, kuma ba na ɗora mata komai, bakina ne ba nata ba. Mahaifiyarku ta zauna da ni shekara arba'in da wani abu, ba ta taɓa goranta mini ba. Sai a ciwonta na ƙarshe, wata rana da hantsi ina ba ta kunu, ta ture cokalin ta ce, "Malam, yarinyar nan Yagana tana nan wani wuri, an gaya mata ubanta matsafi ne."

Bayan an yi sadakar arba'in ɗinta na fara tambaya. Wani mai sayar da hatsi ya ce ya san wani tsohon mai gyaran rediyo, Babarbare, da ya zauna a Babura shekaru da yawa, yana gyara wa mutanen Nijar kaya suna biyansa da sefa, amma ya daɗe da rasuwa. Ya ce 'yarsa tana aure a garin. Na shiga mota ni kaɗai, ban gaya wa ko ɗayanku inda za ni ba. Aka nuna mini gidan. Mijinta ya yi mini iso zuwa zaure, ta fito, mace babba mai jikoki, doguwa, da goshin ubanta. Na ce a kira 'ya'yanta su ma su ji. Suka zo suka zauna. Na faɗi komai yadda na rubuta muku a nan, ban rage ba. Da na gama, ta sunkuyar da kai tana kallon hannuwanta.

"Baba, mun san ba shi ya saki ba," in ji ta. "Ya gaya mana tun muna yara. Ya ce wani abokinsa ne, ɗan koyo, iska ta yaudare shi. Mun yi ta tambayarsa sunan mutumin, har ya rasu bai faɗa ba. Ya ce mutumin yana da 'ya'ya." Ta ɗago ta dube ni. "Ashe kai ne."

Na ce ni ne.

Ta tashi ta shiga ciki. Na zauna ina jin ƙarar kwanuka, ban san ko in tafi ko in tsaya ba. Babban ɗanta yana kallona. Can sai ga ta da kwanon fura da ludayi, ta durƙusa ta ajiye a gabana.

"Yafiyar ba tawa ba ce, Baba, mai ita ya tafi. Amma ka yi tafiya mai nisa. Sha."

Na ɗauki ludayin na sha.